Rumfar Tunku Mai Ƙofa Biyu

A wani daji da ke bayan duwatsun Kwarin Gawo, dabbobi sun tsiri wasan da suke kira ƙwallon sanda. Wani ya jefo goriba, wani ya maka mata sanda, ya ruga ya zagaye suri huɗu ya dawo inda ya tashi. Iyakar abin ke nan. Amma da aka zo wasan fitar da gwani tsakanin Jajayen Birai da Baƙaƙen Birai, wanda aka kayar sai baɗi, sai dajin ya ajiye neman abinci ya koma caca.

Mai riƙe da cacar Guza ne. Ƙa'idarsa ɗaya: ka sa raminka, in ka ci, ya ba ka kwandon gara, in an ci ka, ramin nasa. Mai faɗin wanda zai yi nasara kuwa Tunku ne, ana ce masa Sarkin Hasashe, shekara tara bai taɓa kuskure ba. Rumfarsa ƙofa biyu gare ta, gabas da yamma, wai don shan iska.

Akwai wata bushiya Ladidi da mijinta Mantau. Rami ɗaya suka mallaka, ga damina ta ƙarato, rumbu ba komai. Ranar wasa da safe Ladidi ta saci jiki ta shiga ta ƙofar gabas da tukuicin ƙwai biyu.

Tunku ya lumshe ido ya ce, "Baiwar Allah, na yi nazari. Mai jifan Jajaye bahago ne, Baƙaƙe kuwa sau bakwai suna karo da bahago, sau biyar suna dukan iska. Ga shi yau iskar daga arewa take. Jajaye ne. Kada ki faɗa wa kowa, ilimi ba na rabo ba ne."

Da hantsi Mantau ya shiga ta yamma, shi ma a ɓoye.

"Malam Mantau, na yi nazari. Bahagon nan kafaɗarsa ta gaji tun wasan shekaranjiya, ni na ga yana sosa ta. Ga iskar arewa. Baƙaƙe ne. Ko maiɗakinka kada ta ji."

Kowannensu ya je ya sa ramin nan guda. Guza ya karɓa sau biyu.

Aka buga, Baƙaƙe suka ci da zagaye shida da huɗu.

To, al'adar dajin, bayan wasa ana zama a gindin tsamiya, Kunkuru na shugabanta. Wanda ya ci caca ya tashi ya ba da shaida. Wanda aka ci ba shi da baki, don an ce ɗacin rai ke sa shi ƙarya. Mantau ya miƙe da kwandonsa a ka.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ni ba mai yabon banza ba ne. Amma bawan Allahn nan har kafaɗar bahago ya gani. Duk wanda ya kwana da yunwa bana, shi ya ƙi zuwa wajen masu ilimi."

Ladidi ta jawo shi ta ce, "Maigida, ta wace ƙofa ka shiga?"

"Ta yamma. Ina ruwanki da ƙofa?"

"Ni ta gabas. Jajaye ya ce mini, da iskar arewan nan taka. Kuma ramin na sa a caca."

"Wane ramin?"

"Nawa gare mu?"

Ta juya wajen Kunkuru. "Ranka ya daɗe, ina da magana a kan ƙofofin rumfar nan."

Kunkuru ya ce, "Ci kika yi ko cin ki aka yi?"

"Ci na aka yi."

"To zauna, 'yata. Wannan al'ada ita ta tsare mana zaman lafiya. Da muna sauraron waɗanda aka ci, da rabin dajin nan ne ke magana yau."

Mantau ya ce to shi ai ya ci, a bar masa raminsa. Guza ya gyara kwanciya ya ce, "Malam Mantau, ban taɓa cin amana ba. Ka ci, na ba ka kwando. Uwargida ta faɗi, na karɓi rami. Wanne ne ban cika ba?" Majalisa ta duba ta ga babu. Da Mantau ya sake buɗe baki, Kunkuru ya tuna masa cewa wanda ya rasa rami shi ma an ci shi, saboda haka shaidarsa ta farko ta tsaya, ta biyu ba ta shiga.

La'asar hadari ya haɗo. Mata da miji suka cinye garar a tsaye, suka kifa kwandon suka shige ƙarƙashi. Ladidi ta ce, "Matsa, mai nasara, ƙayarka na suka ta." Aka rubuta wa Tunku shekara goma ba kuskure.

Kwana uku bayan haka majalisa ta sanar cewa daga baɗi za a yarda a tashi wasa canjaras. Tunku ya aika a kira masa magini, wai rumfar na buƙatar ƙofa ta uku don shan iska.