Gidan da Na Ƙi Shiga

Lokacin kullen korona a unguwar Bukit Jalil, can ƙasar waje, mu shida muka faɗa wani wasan intanet da filin gina gida ke wuyar samu a cikinsa. Wata uku muna fafutuka kafin mu samu ɗaya. Aka sa shi da sunana, don ni ne mai rubuta komai a littafi. Dokar guda ce: in mai gida ya yi kwana arba'in bai shiga ba, a rushe, a ba wani.

Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Kullum bayan la'asar nakan je, in rubuta ranar.

Sai Maman Ilham, matar Dakta Sani, ta ƙawata falon, 'yar tsanar da ke wakiltarta a wasan kullum tana zaune a ciki. Ni kuwa ba a yi mini tarbiyyar kutsawa gidan matar aure ba. Nakan tsaya a ƙofa, in rubuta sallama, in juya.

Rana ta arba'in da ɗaya muka tarar da fili fetal, wani baƙo har ya kafa allonsa.

Raina a ɓace na aika wa masu wasan ƙara shafi uku, da hoton littafina. Suka amsa da layi ɗaya: wai ban taɓa shiga cikin gidan ba.

Dakta ya kira ni. "Malam, zane ne fa. Da sulke da takobi."

"Dakta, ai iyalinka ce."

"To ni na hana ka?"

Har yau haushin bai sake ni ba. Ko shagon abinci na mamak muka je cin abinci, sai su tare ni a ƙofa, wai in jira a nemo mini izini.