Sallar da Kowa Ya Ƙwanƙwasa Ƙofar Gidansa

Ba zan taɓa mantawa da Sallar da na gayyaci 'yan'uwana gida na bar su a waje ba, alhali ni na yi musu kwatance da bakina.

Gidanmu na gado yana bayan Kasuwar Kwastam. Na ƙasa ne, da zaure, da rijiya, da wata bishiyar dogon yaro a tsakar gida. Ambaliyar da ta shigo Maiduguri ta kwantar da shi. Mahaifiyarmu Hajja ta dawo wurina a Maisandari da akwati ɗaya da kaskon turarenta. Ba ta taɓa kuka a gabana ba. Sai dai da la'asar takan dubi sama ta ce, "Da a gida ne, yanzu inuwa ta kai bakin rijiya."

Ni mai karanta labarai ne a rediyo. Abin da abokan aikina ba su sani ba shi ne, idan na dawo gida ina wasan kwamfuta, irin wanda ake gini da tubala. A cikinsa na fara ɗora gidan nan daga ƙwaƙwalwata. Na yi zaure, na haƙa rijiya, na dasa bishiyar. Rana tana fitowa a wasan, tana kuma faɗuwa, sai in tsaya a tsakar gida ina kallon katanga tana yin ja, har in ji kamar ƙamshin ɗanwaken maƙwabta zai tsallako. Ruwa ba ya zuwa wurin sai in ni na zuba shi.

Daga nan buri ya kama ni. Yayana Modu yana Kano, ƙanwata Falmata tana aure a Abuja, kuma dukansu ba za su samu zuwa Sallah ba. Na sa suka sauke wasan, sannan na ce wa Hajja, "Ranar Sallah za ki ga 'ya'yanki duka a tsakar gidanki."

"A cikin akwatin nan?"

"In sha Allah."

Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Kafin wani ya shigo daga waje, dole kwamfutata ta zama saba, wato mai masauki. Rauta kuma, na'urar da ke raba intanet a gida, kamar mai gadi take: duk baƙon da ya ƙwanƙwasa sai ta kore shi, in ba an ce mata wanda ya zo ta ƙofa mai lamba kaza a wuce da shi ɗaki kaza ba. Ƙofar ce masu harkar ke kira fot. Na buɗe ta. Na bi kamfanin intanet har suka ba ni adireshin da duniya za ta iya samuna da shi. Na huda katangar tsaron kwamfuta. Na lura duk lokacin da aka ɗauke wuta rauta takan sauya wa kwamfutar lamba, sai na ɗaure lambar wuri ɗaya, na haɗa komai da sola. Daga ƙarshe na yi gwaji: na ɗauki kwamfutar matata Yagana, na zauna a falo, na buga adireshi, sai ga ni a zaure. (Ku riƙe wannan: a falo.)

Da safiyar jajibiri na tura wa 'yan'uwa saƙon murya. Ban rubuta ba, karantawa na yi, da muryar labaran duniya: "Ɗaya, tara, biyu, ɗigo. Ɗaya, shida, takwas, ɗigo." Har maimaitawa na yi saboda waɗanda ba su ji da kyau ba.

Bayan an sauko daga Idi, Hajja ta fito da lafaya sabuwa. Ta sa Yagana ta zuba garwashi, falo ya turnuƙe da turaren wuta.

"Hajja, ai ba za su ji ƙamshin ba," na ce.

"Ana karɓar baƙi ba turare?"

Na haɗa wasan da talabijin, na jingine waya a kan tebur muka yi kiran bidiyo. Aka gaisa da wushe-wushe irin tamu, aka yi barka da Sallah. Mijin Falmata ma ya leƙo da babbar rigarsa don ya ga abin mamaki. A talabijin kuwa ga mutum-mutumina shi kaɗai a ƙarƙashin dogon yaro, yana fuskantar zaure.

"Bismillah, ku shigo," na ce.

Babu wanda ya shigo.

"Yaya, ya ce ba a samu hanya ba," in ji Falmata.

"Ni ma haka," in ji Yaya Modu.

Ban girgiza ba. Na sake duba fot, a buɗe. Na duba katangar tsaro, lafiya. Na kashe rauta na kunna. Na ɗauki kwamfutar Yagana na shiga a gaban kowa, don su gani da idonsu. Sannan na gyara murya na ba da sanarwa: "Bincike ya nuna matsalar daga ɓangarenku take."

Na sa Falmata ta goge wasan ta sake saukewa. Na sa mijinta, mutumin da nake jin nauyinsa, ya fita baranda da kwamfuta a hannu yana neman sabis. Na yi musu bayani kan lalacewar intanet a manyan birane. Rana ta faɗi a wasan, ta sake fitowa, ta sake faɗuwa. Garwashi ya mutu, Hajja ta sa aka ƙaro wani. Idonta na kan zauren, kamar mai jiran a ɗaga labule.

Sai na juya kan babban wa. "Yaya, ɗauko rautarku ka cire wayarta ka mayar."

Ya hau kujera yana nishi, ya sauko da ita, ya juya ta yana neman inda wayar take. Sai ya tsaya, ya gyara tabarau.

"Kai, malam mai labarai. Lambar da ka karanto mana, ga irinta nan a manne a gindin tawa. Ɗaya, tara, biyu, ɗaya, shida, takwas. Ƙarshen ne kawai ya bambanta. Ko gado muka yi?"

Falmata ta ruga ta dubo tata. "Wallahi mu ma ita ce!"

A nan na gane kuskurena. Kowane gida yana da lamba iri biyu: ta ciki, wadda na'urorin gidan ke kiran juna da ita, kusan iri ɗaya ce a ko'ina, da ta waje, wadda baƙo ke bi. Ta waje ita ce na sha wahala na karɓo daga kamfani, na adana ta, na kuma karanta musu ta ciki. Tun hantsi Yaya Modu yana Kano yana ƙwanƙwasa ɗakinsa, Falmata tana Abuja tana ƙwanƙwasa nata. Kamar a tambaye ka kwatancen gidanku ka ce "ɗaki na biyu a hannun dama."

"Yaya, me ya faru?" in ji Falmata.

Na yi bayani da wata siririyar murya wadda ba a taɓa ji a rediyo ba. Yagana ta shige kicin da sauri, amma ƙofar kicin ɗinmu ba ta tare dariya. Mijin Falmata ya tambaya cikin ladabi ko zai iya dawowa daga baranda.

Na tura lambar gaskiya, a rubuce. Kafin in ajiye waya, wani mai kai kamar kwali ya ɓullo daga zaure, wani ya biyo shi yana karo da bango. Hajja ta matso har lafayarta ta zame daga ka.

"Wane ne wancan mai buga kansa?"

"Yaya Modu ne."

"Shi ne. Haka yake tun yana yaro." Ta ɗaga murya. "Modu! Ka shigo min gida ba sallama?"

Daga Kano muka ji ya yi sallama. Ta amsa masa a hankali, cikakkiya. Muka tsaya mu uku a bakin rijiya, ta ƙare mana kallo, har inuwar bishiyar ta iso ƙafafunmu. Sannan ta share ido da gefen lafaya ta juyo gare ni.

"Kullum kai ke gaya wa duniya abin da ke faruwa, amma hanyar gidanku ta gagare ka faɗa. Kuma bishiyar nan ba nan take ba. Matsar da ita."

Na matsar da ita washegari. Tun daga ranar, duk abin da na gyara, sai na fita titi na gwada shi daga waje kafin in buɗe baki in ce laifin wani ne. Maƙwabta sun saba ganina tsaye a rana da kwamfuta a hannu, ina neman izinin shiga gidana.