Nomau da Kifin da Ya Kwanta Rigingine

A Tungar Maje, can bakin gulbi, akwai gidan Baba Maikoma, tsohon masunci da ya yi shekara hamsin yana su kafin ciwon ƙafafu ya kwantar da shi. Matarsa ta rasu tuntuni. 'Ya'yansa biyu: Uwani, likitar dabbobi a birni, da ƙanenta Nomau, mai jinyar tsohon. Nomau ya ba talatin baya, amma in ka ce masa tsaya nan, ko ruwa ake da ƙanƙara nan za ka dawo ka same shi. Tun yana yaro uban ya kafa masa doka biyu: ba a cin abinci sai an ba dabbar gida nata, kuma ba a rigan babba sa hannu a akushi. Mutanen gari wawa suke ce masa. Ni da muke katanga ɗaya ban taɓa faɗa ba, kuma in kun ji wannan, ku ma bakinku zai yi nauyi.

Da Uwani ta ga kewar gulbi na cin uban, sai ta kawo masa akwatin gilashi cike da ruwa, da wani jan kifi mai jela kamar mayafi. Aka ajiye a zaure, gaban gadonsa. Baba ya raɗa wa kifin suna Jatau, kuma da shi yake hira safe da yamma.

Wata rana Baba ya ce, "Nomau, in ka ga Jatau ya taso sama yana buɗe baki, yunwa ce, ka ba shi." Nomau ya ce, "To, Baba." Jama'a, yaushe kifi ya taɓa rufe baki? Tsoho na barcin rana, kifi na buɗewa, Nomau na barbaɗawa. Busasshen abincin da Uwani ta ce zai kai wata biyu, kwana biyar ya yi. A na shida Jatau ya wayi gari rigingine, ciki a kumbure, yana kaɗa jela ya nutse, ruwa na maido shi sama kamar gorar masunta.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Shekara hamsin ina su, ban taɓa ganin kifin da ya juya ciki sama ya koma daidai ba. Ni da Jatau tafiyarmu ɗaya." Ya juya fuska ga bango. Aka kawo koko ya ƙi, aka kawo tuwo ya ƙi, sai ɗan ruwa da yake kurɓa. Wallahi hankalinmu ya tashi, don mun san tsohon ba ya magana biyu.

A ranar Nomau ya kira Uwani a waya. Tana tsakiyar yi wa shanu allura, ta ce, "Zauna gabansa, duk abin da ya yi ka gaya mini." Ai kuwa ta jawo wa kanta. "Yaya, ya karkata hagu." Can kuma, "Yaya, ya karkata dama." A kira na talatin da ɗaya ta fusata.

"Nomau, don girman Allah ka bar ni in yi aiki!"

"Saura ɗaya, Yaya. Abin da ya yi na faɗa duka. Wanda bai yi ba fa, shi ma a faɗa?"

"Me bai yi ba?"

"Kashi. Da kullum yana jan wani zare a bayansa. Yau kwana uku babu."

Uwani ta ajiye allurar. Ta tambaya ko ɓawon jikin kifin ya tashi tsaye, ko akwai gyambo. Ya ce babu, ya duba sau tara. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ka gano mini ciwon. Kifi yana da jakar iska a cikinsa, da ita yake tasowa ya nutse. Abinci ne ya cushe masa ciki ya danne jakar. Ka rage ruwan zuwa rabi. Kwana uku kada ka ba shi komai. A na huɗu ka dafa koren wake ƙwaya ɗaya, ka ɓare ɓawon, ka murƙushe ka ba shi. Kuma marka ake, sanyi na hana cikinsa aiki, ka lulluɓe akwatin da ƙyalle mafi tsabta a gidan."

Wata rana cikin kwanakin nan uku, Iya Kulu mai koko ta yi sallama a zauren. Ta ga wani dogon abu an naɗe shi tsaf da farin ƙyalle, Nomau na zaune gabansa ya yi tagumi. To, ƙyalle mafi tsabta a gidan Baba Maikoma shi ne likkafanin da ya tanadar wa kansa a adaka. Iya Kulu ta saki ƙwarya ta rafka salati. Kafin a ce kwabo zaure ya cika, har liman ya iso yana tambayar ko an tura masu haƙa. Sai murya ta fito daga ƙarƙashin bargo a lungu: "Wa ya mutu?" Ranar na ga dattawa sun yi tsere ba takalmi, ni ma ban ce ba na ciki ba. Baba ya ce, "Nomau, likkafanin nawa ka ba kifi?" Ya ce, "Yaya ta ce mafi tsabta." Tsoho ya girgiza kai, ya koma ga bangonsa, bai dai ci komai ba.

Abin da ba mu lura da shi ba sai a rana ta uku shi ne, Nomau ma bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Na kai masa tuwo da miyar kuka har zaure, na ce, "Haba Nomau, kifin aka hana, ba kai ba." Ya ce, "Ba a ba dabba nata ba." Na yi lallashi, na yi faɗa, a banza. Haka yake ɗaga uban ya yi masa wanka, ya ɗebo ruwa, bai ko yi tsaki ba. Tausayinsa ya kama ni, na fita ina share ido.

A rana ta huɗu da hantsi ya dafa wakensa ƙwaya ɗaya, ya ɓare, ya murƙushe. Jatau, yana rigingine, ya karɓa daga yatsunsa. Iya Kulu ta kawo akushin tuwo da sauri. Nomau ya wanke hannu, ya kai akushin gaban gadon, ya zauna ya jira.

Baba ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ci mana. Ai Jatau ya ci."

"Ba a rigan babba."

"Ni ba zan ci ba."

Nomau ya ce, "To, Baba." Ya mai da faifai ya rufe akushin.

Wannan "to" ɗin ce ta juyo da tsohon. Ya dubi ɗansa, ya ga idanu sun faɗa. Ya san shi sarai: in ya ce ba zai ci ba har abada, Nomau zai zauna nan har abada. Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Buɗe, ɗan nan. Bismillah." Ya yi loma ɗaya, sannan Nomau ya yi tasa. Abin da liman da mu duka muka kasa kwana huɗu, wanda ake kira wawa ya yi shi da rufe faifai.

Da la'asar sakaliya sai ga dogon zare a bayan Jatau. Ya karkata, ya sake karkata, ya kifa cikinsa ƙasa, ya sulale zuwa gindin akwati kamar bai taɓa ciwo ba. Baba ya riƙe baki ya ce, "Shekara hamsin, ashe da sauran karatu."

Nomau ya matso gaban gadon. Ya ce, "Baba, ka ce tafiyarku ɗaya da Jatau. To, ya tashi. Saura kai."

Tsoho ya yi dariya har da tari, ya miƙa masa hannu biyu. Ya ce, "Kama ni in zauna."