Ranar da Na Goge Makin 'Yar Legas

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da ta wuce ba, ko da kuwa na tsufa haƙorana sun zube. Ɗazu murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida, sai da na zabura na dafe ƙirji. Mama ta ce in bar kuka in ci abinci. Na ce bari in rubuta labarin tukuna, ko abin zai fita daga raina.

Tun da na gama sakandare nake zaune a gida a Ushafa, can gefen Abuja ta wajen Bwari, babu halin ci gaba da karatu, har wata maƙwabciyarmu ta samo mini aiki a wani kulob na wasanni da ke wajen Utako. Aikin gwaji ne. Manajar wurin, Madam Ladi, ta faɗa mini tun ranar farko cewa akwai babbar gasar sikwash da za a yi a kulob ɗin, bayan gasar za ta ga ko za ta riƙe ni ko za ta sallame ni. Aikina shi ne goge ɗakunan wasa, kai ruwa da tawul, da cewa "sannu da zuwa, yallaɓai" ga duk mai tumbi.

Ga wanda bai san sikwash ba, mutum biyu ne ake rufewa a ɗaki ɗaya, kowa da raket a hannu, suna ta dukan wata 'yar ƙaramar baƙar ƙwallo a bango har ɗayansu ya kasa mayarwa. (Ranar da na fara gani na ɗauka bangon ne ya yi musu laifi.)

Aikin safe nake yi, da azahar in tashi in nemi motar gida. Da safe kuwa ba kowa a ɗakunan nan sai dattawa, tsofaffin sojoji da tsofaffin manyan ma'aikata da suka yi ritaya, masu ɗaure gwiwa da bandeji. Shugabansu Baba Kanar ne, wani dogon tsoho mutumin Filato, kullum cikin fararen kaya tun daga riga har safa. Shi ya fara lura da ni ina leƙe ta gilashi da tsumman goge-goge a hannu.

"Yarinya na, kin iya ƙirga?" in ji shi.

Na ce na ci lissafi a jarrabawa, Baba.

"To ajiye tsumman nan, zo ki zama alƙali. Waɗannan tsofaffi duk ɓarayi ne, musamman Famsek."

Haka ya zaunar da ni ya koya mini. Ya ce ƙa'idar guda ce: mai sabis, wato wanda ya fara buga ƙwallo, shi kaɗai ke cin maki. Idan ɗayan ya yi nasara, ba shi da maki, sabis kawai ya karɓa. Wanda ya riga kai tara ya ci zagayen. Na haddace tsaf. Ba a yi sati biyu ba suka sa mini suna Alƙaliya. Famsek ya yi gardama, in ce, "A'a Baba, sabis ka karɓa, ba maki ba," sai duk su fashe da dariya suna tafi. Wallahi kaina ya kumbura har ɗankwalina ya fara yi mini kaɗan.

Idan sun gaji suka zauna shan ruwa, sai Baba Kanar ya buɗe labarin da. Ya ce a zamaninsu raket na katako ne, mai nauyi, da ɗan ƙaramin kai. Ɗakin kuma siminti ne ta ko'ina, babu gilashi, masu kallo daga sama suke leƙowa kamar masu duba rijiya. Ba ka isa ka shiga da riga mai launi ba. Ya ce 'yan Pakistan ne sarakunan wasan a lokacin, a yi awa biyu ana gumurzu maki bai motsa ba, sai wanda numfashinsa ya fara ƙarewa. "Wannan shi ne sikwash," in ji shi. "Na yaran yanzu tseren kaji ne." Ni kuwa ina gyaɗa kai, ina ce masa, "Gaskiya ne, Baba," kamar da ni aka yi zamanin.

Ga wayar hannu a jakata, kullum ina kallon yadda ake ɗaurin ɗankwali da yadda ake haɗa kek. Ko sau ɗaya ban taɓa nemo wasan ƙwararru na kalla ba. Me zan nema? Ni da Kanar guda ya koyar.

Ana jibi gasa na ga ma'aikata suna rage tsayin kwanon da ke ƙasan bangon gaba, wanda idan ƙwallo ta taɓa shi ta mutu. Na tsaya a kansu na ce sun ɓata aiki, ba haka tsayinsa yake ba. Ɗayansu ya ce na ƙwararru ke nan yanzu, an rage shi don wasa ya ƙara sauri. Na yi tsaki na wuce, a raina ina cewa masu aikin ganin ido. (Kun ga Allah Ya aiko mini da gargaɗi har ƙofa, ni na yi masa tsaki.)

Ranar Asabar aka ce kowa ya yi aikin yini. Kulob ya cika. 'Yan wasa daga Legas, daga Fatakwal, har da na ƙasashen waje, cikin riguna ja da shuɗi da ruwan lemo, rakitocinsu ba nauyi kamar cokali. An kafa babban talabijin a saman ɗakin wasa mai nuna maki, an kafa waya a kan ƙafa uku ana watsa wasan kai tsaye. Ina tsaye da tiren ruwa sai na ga Madam Ladi tana zirga-zirga, waya a kunne, gumi na wanke mata hoda. Alƙalin da zai kula da wasan farko na mata a ɗaki na biyu ya maƙale a hanyar Abaji, tirela ta faɗi ta tare titi. Sauran alƙalan duk suna kan wasu wasannin.

"Wa ya iya riƙe maki a nan?" in ji Madam. "Na ɗan lokaci ne kawai, kafin wani ya gama."

Baba Kanar yana zaune a layin gaba, kujerar manyan baƙi. Ya ɗaga sandarsa ya nuna ni. "Ladi, ga alƙaliya a gidanki kina nema a Abaji? Yarinya nan ta fi su duka."

Madam ta kalle ni sama da ƙasa. "Ke, kin tabbata?"

Da a ce ina da hankali, da na ce ruwa aka ɗauke ni rabawa. Amma abin da na hango shi ne takardar aiki na dindindin, da fuskar Mama idan na kai mata labari. Na ajiye tire na ce, "Madam, kullum ni ke yi."

Aka zaunar da ni a doguwar kujera a bayan gilashi, aka ba ni makirufo da wata na'ura mai faɗin littafi. Madam ta ce duk wadda ta yi nasara in taɓa sunanta, maki zai fito a talabijin. 'Yan wasan biyu suka shiga. Ɗaya 'yar Legas ce, doguwa, mai faɗin kafaɗa, da gani ta daɗe a harkar. Ɗayar 'yar Masar ce, siririya, ba ta kai ni shekaru ba.

'Yar Masar ce ta fara sabis. Ni dai ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ƙwallon da nake bi da ido a hannun su Famsek kamar tsohuwa mai tafiya masallaci, yau ƙararta kawai nake ji. Yarinyar ta ci na farko, na faɗa da Turanci, murya na rawa. Ta ci na biyu, ta ci na uku, ta ci na huɗu. Duk tana riƙe da sabis, don haka ƙidayata da ta na'ura suka tafi daidai. Muryata ta washe. Har na fara jan kalmomi irin na masu karanta labarai. Na saci kallon Madam, na ga ta yi ajiyar zuciya. A raina na ce shi ke nan, aiki ya tabbata.

Sai aka shiga wani dogon gumurzu. 'Yar Legas ta yi ta faɗuwa tana tashi, ta zube a gwiwa ta tsamo wata ƙwallo da kowa ya fid da rai da ita, daga ƙarshe ta ajiye ta a lungu, 'yar Masar ta kasa kaiwa. Wuri ya kaure da ihu. Na taɓa sunan 'yar Legas don a san ta karɓi sabis. Sai na ga talabijin ya nuna ɗaya da huɗu.

Na ce a raina, kai, wannan na'ura ba ta san sikwash ba.

Na nemo wurin gogewa na danna. Makin ya koma sifili. Na ɗauki makirufo na sanar da cewa sabis ya koma hannun 'yar Legas, sifili da huɗu.

'Yar Legas ta juyo tana haki, ta nuna talabijin da raket. Ta ɗauka kuskuren yatsa ne. A nan ma da na yi shiru da na tsira. Amma ni Alƙaliya ce. Na gyara zama, na kai makirufo baki, da Turancina na aji shida na yi wa ƙwararrun 'yan wasa bayani, a gaban manyan baƙi, a gaban wayar da ke watsawa duniya, cewa na'urar ce ta samu matsala, domin wanda ba shi da sabis ba ya cin maki, kuma a tara ake tashi.

Wani daga baya ya fara ƙyalƙyalewa. Sai kowa ya ɗauka. Na ji wani yana cewa, "Daga wane gidan tarihi aka ɗauko wannan?" Wata ta ce, "A kawo mata raket na katako mana!"

'Yar Legas ba ta yi dariya ba. Ta taho ta daki gilashin da ke gabana da raket, ƙarar ta shiga har cikin haƙorana. Ta banko ƙofa ta fito ta tsaya a kaina, gumi na ɗiga a kan siket ɗina. "Wetin be dis?" ta ce, sannan ta ci gaba da zazzaga mini Turanci. Abin da na tsinta shi ne, da guminta ta kawo kanta Abuja, matsayinta a jerin ƙwararru yana kan wannan wasa, kuma an ɗauko mai shara ta goge mata maki. Na ɗauka mari ne zai biyo baya. Na kare fuskata da na'urar.

Da murya irin ta ɗan akuya na ce, "A tambayi Baba Kanar. Shi ya koya mini." Na manta makirufo na kunne.

Duk aka juya gare shi. Ya gyara hularsa, ya yi 'yar dariya, ya ɗaga murya yadda manyan baƙi za su ji. "Haba yarinya na, ai wannan ƙirgan mu ne na tsofaffi. An canza tun kafin ki shiga firamare. Yanzu duk wanda ya ci, maki ne, har sha ɗaya. Kowa ya sani."

Kowa ya sani.

Ashe ya sani. Famsek ya sani. Duk tsofaffin nan sun sani, a gidajensu suna kallon wasan zamani a talabijin. Sun dai fi son nasu ne, don shi ke ba su damar hutawa tsakanin maki da maki, yana kuma tuna musu lokacin da gwiwoyinsu ke aiki. Wata da watanni suna tafa mini, ba wanda ya ga ya dace ya ce, "Af, 'yar nan, a waje fa ba haka ake yi ba." Da ya nuna ni da sanda kuma, ban san ko mantawa ya yi ba, ko kuwa bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da suka zuba mini shi kaɗai ne a kaina ba. Har yau wannan ne ke hana ni barci, ya fi dukan gilashin ciwo.

Madam Ladi ce ta zare makirufo daga hannuna. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta ba 'yar Legas haƙuri har da rusunawa, aka mayar mata da makinta, aka dakata har wani alƙali ya gama ya zo. Ni kuwa na shige ɗakin ajiye tawul na rufe ƙofa, ina jin ƙwallo na dukan bango. An ce 'yar Legas ta sha kashi a wasan. Ban san ko ni na rikita ta ba, ko da ma yarinyar ta fi ta. Ta dai samu wadda za ta ɗora wa, kuma ba zan ce ta yi ƙarya ba.

Kafin la'asar bidiyon ya zagaye wayoyin ma'aikata. Mai gadi ma da na zo fita sai ya ƙame ya sara mini, ya ce, "Sifili da huɗu, ranki ya daɗe."

Madam ta tare ni a bakin ofis. "Ki je gida ki huta," in ji ta. "Kar ki zo Litinin. Za mu kira ki." Ta karɓi rigar aikin da ke hannuna, ta ninke ta da kyau. Duk wanda ya taɓa neman aiki a garin nan ya san fassarar "za mu kira ki".

Ina tsaye a bakin titi ina jiran motar Bwari, sai ga wata baƙar jif ta tsaya a gabana. Gilashi ya sauka. Baba Kanar ne, fuskarsa wasai, ya ci ya sha.

"Alƙaliya! Kar ki sa abin nan a rai, yaran yanzu ba su da ladabi. Litinin da safe fa kar ki makara, ni da Famsek akwai tsohuwar gaba."

Kun san abin da na yi? Na rusuna har ƙasa na ce, "To Baba, Allah Ya kai mu." Gilashi ya hau, mota ta tafi da sanyinta.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma da aikina na saye shi. Babban mutum yana da ikon ya zaɓi shekarar da yake so ya zauna a cikinta, ya rufe ƙofa, har a kawo masa ruwan sanyi. Ke mai kawo ruwan, idan ya yaba miki, ki yi godiya, ki rusuna, sannan ki fita waje ki tambayi wani wace shekara ake ciki.