Yaran da Suka Ɓatar da Madatsar Ruwa

A wani gari da ake kira Sai-Godiya, an yi wata malamar labarin ƙasa a ƙaramar sakandare, Malama Kubura. Shekararta goma sha tara tana rubutu a allo, yara na kwafa, kowa na cin jarrabawa lafiya lau.

Ran nan sai Ma'aikatar Gyara-Kullum ta aiko da takarda: daga yau an hana hadda. Malami ya kame bakinsa, ɗalibai su fita su gano ilimi da kansu. Ita kuwa Kubura aibinta ɗaya ne, takardar hukuma da gaske take ɗaukar ta. Ta naɗe taswirar garin mai hatimin Majalisa, ta tasa 'yan aji biyu a gaba.

"Yau ku za ku nemo mini madatsar ruwanmu," in ji ta.

Suka yi tafiyar awa biyu a kan titin da taswira ta ce kwalta ne, rairayi har idon sawu. Inda aka shafa shuɗi suka tarar da busasshen kwari, awaki na kiwo a ciki.

"Malama, ko mun ɓata ne?" wata ɗaliba, Ladiyo, ta tambaya.

"Me kika gani?"

"Awaki."

"To, zana awaki."

Kubura ba ta taɓa ganin darasi ya shiga kan yara haka ba. Ko an tashi ba sa son tafiya gida, suna ta gardamar ina ruwan ya nufa. Har ƙwalla ta yi don daɗi.

Jarrabawar Ma'aikata ta zo. Tambaya ta farko: faɗi amfanin madatsar ruwan Sai-Godiya. Su arba'in da shida suka rubuta, "Kiwo." Su arba'in da shida suka faɗi.

Majalisa ta kira zaman gaggawa. Sarkin Buɗe Ayyuka, wanda da hannunsa ya ƙaddamar da madatsar har sau biyu, ya dube ta yana huci.

"Malama, ke kika koya wa 'ya'yan mutane cewa babu ruwa?"

"Ranka ya daɗe, ban koya musu komai ba. Ku kuka ce su gano da kansu."

"Cewa muka yi su gano. Wa ya ce su duba?"

Ta zaci kora ce. Sai ga shi an yi mata ƙarin girma: shugabar sabuwar Makarantar Gwaji, mai aji ashirin da ɗakin karatu, can bayan gari.

Ranar Litinin ta ɗaura sabon zani ta tafi. Ta tarar da allon sanarwa ya sha fenti, bayansa gonar gero, gefe kuma bishiyar ɗorawa. A gindinta take kama aiki kullum ita kaɗai, takwas zuwa biyu.

A ƙarshen shekara makarantarta ce ta zo ta ɗaya a duk lardin. Ko ɗalibi guda bai faɗi ba.