Ranar da Labaran Ya Shigar da Surukansa Cikin Waya

"Daga Talata Mafara har Bakura, a haɗa da Maradun, a ɗora Gusau a kai, babu mai ɗaukar hoto sai ni! Sauran duk masu latse-latse ne."

Wannan ita ce gaisuwar Labaran. Kai ka ce masa ina kwana, shi ya amsa maka da haka. Yana da ɗan shago kusa da tashar mota a Mafara, ya rubuta a ƙofa da jan fenti: Injiniya Labaran, Likitan Hoto. Mutanen gari kuwa Yanke-Kai suke kiransa, don cikin hoto goma da zai ɗauka, bakwai daga wuya suke farawa. In ka yi ƙorafi, sai ya ce kai ne tsawonka ya yi yawa.

To, abokina, shagon nan ba nasa ba ne. Na surukinsa ne, Alhaji Bawa na Bakura, babban manomin rani, mutumin da a wurinsa duk abin da ba a shukawa ba sana'a ba ne. Duk Talatar da ya zo cin kasuwa, sai ya tsaya a ƙofar shagon ya ƙare masa kallo daga ƙasa zuwa rufi, yana auna yadda albasa za ta ji daɗin zama a ciki.

Ana nan sai Suwaiba, matar Labaran, ta haihu a gidan iyayenta, haihuwar fari, namiji. Labaran ya hau babur ya tafi barka. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure, aka yi gaisuwa mai tsawo: gajiya, gida, mai jego, ruwan fadama, har da lafiyar shanu. Da aka gama, maimakon ya tashi da mutuncinsa, sai ya gyara murya.

"Alhaji, kalandar suna nake son yi. Hoton dangi gaba ɗaya, kai da Hajiya da Kaka da mu, a raba wa baƙi."

Alhaji ya dube shi kamar ya ga akuya da tabarau. "Hoto da kai? Ina ka taɓa ganin mutum ya jera da surukinai? Hajiya ko tarinka ta ji, ɗaka take shigewa."

"Ai Alhaji duniya ta wuce nan! Akwai wata duniya a cikin waya, da gidaje da lambuna har da teku. Kowa ana ƙera masa mutum-mutumi mai kamarsa, ya yi tafiya, ya zauna, ya ɗaga hannu. Su za su tsaya hoton, ba ku ba. Su kuwa babu ruwansu da kunya."

Alhaji ya daɗe yana jan gemu. "To, na ji. In abin ya yi kyau, ka ci gaba da zama shagon. In ka kunyata ni gaban dangi, ranar suna ka kawo mini mabuɗi. Albasata na nan tana ruɓewa a rumfa."

"Alhaji, ka nema mata wani wurin tun yanzu," in ji Labaran, har da bugun ƙirji.

Kwana uku Labaran bai ɗauki kan kowa ba, balle ya yanke. Yana cikin shago yana ƙera surukai. Sai dai waɗanda suka gina duniyar nan, da alama ba su taɓa zuwa Bakura ba. Ya duba kasuwar tufafinsu kaf, babu babbar riga, sai wata doguwar rigar boka mai taurari. Ya ce ai aiki ne na zamani, ya zura wa Alhaji. Mayafi ma babu, sai ya sa wa Hajiya Taiba rigar ruwa mai hula, ruwan ɗorawa. Jariri kuwa sam ba a yin su a can, don haka ya ɗauko wani ƙato ya matse shi har ya koma kamar gora. Gashin bakin ne kawai ya ƙi matsuwa.

Da ya zo kan nasa, nan fa ya saki hannu. Ƙirji kamar ƙofar gareji, wuya kamar turmi, takalmi mai tsini yana ƙyalli, tsawo kuwa ya ɗara na kowa da kamu biyu. Shi da in iska ta taso sai ya riƙe bishiya.

Rana ta huɗu da la'asar ya kwashi kwamfuta da wayoyin aro ya nufi Bakura, ya haɗa da talabijin ɗin falo don kowa ya gani da idonsa. Alhaji ya zauna a kujera. Hajiya ta laɓe a bayan labule, ido ɗaya a waje. Suwaiba na gefenta da jariri. Kaka Kyauta kuwa, mahaifiyar Hajiya da ta zo daga Maradun don wankan jego, ta ja tabarma har gindin talabijin. Ita dai tsakaninta da mijin jikarta sai wasa.

"Angona, ina nike?" ta tambaya.

"Ga ki can, Kaka, mai sanda."

"Wagga tsohuwa? Allah ya isa! Ka ba kanka ƙirjin ɗan dambe, ni ka ba ni doro? Maida ni budurwa ko in kai ka gaban alƙali."

Labaran ya latsa nan, ya ja can. Sai ga Kaka ta miƙe sambal, da gashi shuɗi har gadon baya.

"Yauwa," in ji ta. "Bar ni haka. Ko a zamanina ban samu wanga ba."

Ya jera su a wani lambu mai furanni, ya daidaita haske, ya ɗaga yatsa zai ɗauka. Sai Alhaji ya ce, "Dakata."

"Na'am, Alhaji?"

"Wancan mai rigar bokaye, ka ce ni ne?"

"Kai ne, Alhaji."

"Wancan ƙaton da ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni fa?"

"Ni ne."

"Da takalmi?"

Labaran ya yi 'yar dariya. "Alhaji, ai ba ni ba ne na gaske. Mutum-mutumi ne."

"Sunan wa ke bisa kansa?"

"Nawa."

"To, suruki suruki ne, ko cikin waya ko cikin rijiya. Danginmu na Damaga za su rataye kalandar ga a ɗakunansu shekara guda, suna kallon mijin ɗiyata ya tsaya mini a ka da takalmi? Ya cire, kuma ya durƙusa."

Nan Injiniya ya koma kan kwamfuta. Maɓallan duniyar nan duk da Turanci aka rubuta su, shi kuwa Turancinsa a baki yake, bai kai ido ba tukuna. Ya hango wani maɓalli mai hoton ƙafa, ya ce bismilla, ya danna.

Takalmi ya fita. Wando ma ya bi shi.

Ga ƙaton Labaran tsaye a lambu, gaban surukinsa, daga shi sai ɗan gajeren wando mai hoton ayaba.

"Innalillahi!" aka ji daga bayan labule.

Kaka Kyauta ta tafa hannu. "Ashe ƙafafun ma na aro ne! Suwaiba, zo ki ga ƙwaurin da ba ki taɓa gani ba."

"Ƙaramin abu ne, ƙaramin abu ne," in ji Labaran, yana dannawa da yatsu duka goma. Wando ya dawo, amma a ka.

"Durƙuson nike jira," in ji Alhaji, murya a sanyaye.

Labaran ya ga wani maɓalli mai hoton mutum ya lanƙwasa gwiwa. Ya ce to, ga durƙuso. Yana dannawa kiɗa ya ɓarke. Ƙaton ya lanƙwasa gwiwa, gaskiya ne, amma sai ya kama ƙugu, ya shiga girgiza, yana zagaya Alhaji, yana harba ƙafa sama, yana juya masa baya.

"Ahayye!" Kaka ta rangaɗa guɗa. "Wa ke da canji in yi masa liƙi?"

"Labaran, don Allah kashe!" Suwaiba ta faɗa, kamar ta yi kuka.

"Yanzun nan! Ga na gaisuwa, ga na gaisuwa!"

Maɓallin yana da hoton hannu biyu a buɗe. Shi a tunaninsa irin miƙa hannun nan ne na ladabi. Ƙaton ya daina rawa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya taka a hankali ya wuce Alhaji, ya wuce Suwaiba, ya je ya rungume Hajiya Taiba ƙam, har da kwantar da kai a kafaɗarta. Wasu jajayen zukata suka riƙa tashi sama kamar kumfar sabulu.

Hajiya ta gaske ta saki labule ta zura a guje, ta yi karo da tulu, ta bar takalmi ɗaya a tsakar gida. Labaran a gigice ya kifa tafin hannu kan kwamfuta, sai aka ji ƙyas! Hoto ya ɗauku. Alhaji ya tashi da kansa ya tumɓuke wayar wuta daga bango.

"Ba a sake kai iyalina wanga gidan rawa," ya ce. "Kalanda kuwa na riga na faɗa wa dangi. Ka san yadda za ka yi."

Hoto ɗaya tak Labaran ya tsira da shi, kuma shi ne na rungumar.

Kana tsammani ya saduda? Ai ba ka san Likitan Hoto ba. Washegari da safe ya buɗe shago yana cewa masu shayi, "Ɗauka wasan yara ne. Gyara shi ne aikin. Yau za ku ga tiyata."

Ya goge zukatan. Ya aske wa jariri gashin baki, hancin ya tafi tare, ya zana masa wani. Sannan ya zo kan babban ciwo. Ya yanke kansa daga hoton ɗungurungum, sai wani farin rami ya bayyana a gefen Hajiya, girman ƙofa. Ya sa bishiya, ta yi kamar ta tsiro daga kunnenta. Ya sa mota, ta yi kamar ta take ta. Can ya tuna da hoton ragon suna da ya ɗauka a Bakura, ƙato fari mai ƙaho, ya durƙusa ya sunkuyar da kai yana cin dusa.

"Shi ke nan! Suna ai da rago ake yi."

Ya manna rago ya rufe ramin tsaf. Ana cikin haka direban da zai kai aikin wurin masu bugawa a Gusau ya riƙa danna oda a ƙofa, fasinjoji na zaginsa. Labaran ya kwafe aikin ya miƙa, ko sake dubawa bai yi ba. Abin da ya manta shi ne, tun kafin ya fara tiyatar ya rubuta sunan kowa a ƙarƙashin inda ya tsaya a hoton.

Ranar suna da hantsi, ƙofar gidan Alhaji ta cika. Mutanen Bakura, na Maradun, na Damaga, na Mafara, an raɗa suna, an yi addu'a, ana rabon goro. Sai ga direba da ɗauri a ka. Labaran ya miƙe cikin sabuwar shadda.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, ko a Abuja sai an cika takarda! Maroƙi, raba!"

Maroƙi ya raba. Kowa ya ƙura wa tasa ido. Sai wani dattijo daga Damaga ya kai takardar kusa da hanci, ya fara karantawa da ƙarfi, yana bin ta da yatsa.

"Alhaji Bawa, kakan jariri. To. Hajiya Taiba. To. Suwaiba, mai jego. Madalla." Yatsansa ya sauka ƙarƙashin rago. "Injiniya Labaran, angon ƙarni."

Dariyar da aka yi, har tantabarun gidan sai da suka tashi. Liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa na rawa. Daga cikin gida aka jiyo muryar Kaka Kyauta: "Ku gaya wa mahauci ya duba da kyau kafin ya yanka, kada ya maida mini jika bazawara!"

Labaran ya rarrafa gaban surukinsa. "Alhaji, kuskuren na'ura ne. A tattaro su, gobe in gyara."

Alhaji Bawa bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon kalandar, sannan ya miƙa hannu. Labaran ya zaro mabuɗin shago ya ajiye masa a tafi.

"Ba za a gyara komi ba," in ji Alhaji, yana zura mabuɗin a aljihu. "A falo zan rataye ta. Dubi nan: ba takalmi, kai a ƙasa, gwiwa huɗu a gabana. Tunda ka auri ɗiyata, ban taɓa ganin hoton da ka fito da hankali irin wanga ba."