Rasuwar Takalmin Zomo na Gindin Mangwaro

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin komai, ni Afra'u Ja'afaru ta Rano, ɗalibar aikin gona, nake sanar da rasuwar takalmin zomona, wato tsiron dajin nan mai ganye huɗu shimfiɗe a ƙasa da fure rawaya a tsakiya. Ya rasu a gindin mangwaron gidanmu yana da damina shida.

Ni na haƙo shi a inuwar wani dutse a dajin Rurum, na rungumo shi a babur cikin tsohon gwangwani. Mutanen gida suka ce boko ya taɓa ni, tunda na bar yakuwa na shuka abin da ba a miya da shi.

Marigayi ba ya son rana, ruɓaɓɓen ganye ya ishe shi abinci. Ya jure tonon kaji, ya jure akuyar maƙwabta sau biyu. Duk rani yakan koma ƙasa ya ɓace, a yi ta yi mini jaje ana dariya, ruwan fari na sauka ya fito. Ban taɓa jin muryarsa ba sai taf, taf, idan ɗigon ruwa ya faɗo masa daga mangwaro.

Ajalinsa ya zo da rani, ina makaranta ina jarrabawa. Aka yi suna a gidan. Goggo Tani ta nemi inuwar girkin taro, ta ga fili fetal, ga duwatsu uku da na sa alama da su. Ta gyara musu zama ta ɗora tukunya. Wuni biyu wuta na ci a kansa. An ce tuwon ya yi daɗi.

Na jira ruwan fari, na jira na biyu, na jira har gero ya kai gwiwa. Jiya na tona. Saiwar ta marmashe a hannuna.

Ya rasu ya bar ni, da mangwaro, da gwangwanin da ya zo a ciki, da dangi a Rurum da ba su ji labari ba.

Za a binne shi gobe Asabar da hantsi a inda ya rasu. Babu zaman makoki. Duk wanda ya taɓa cewa ai ciyawa ce, an ɗauke masa zuwa. Goggo Tani ta riga ta yi ta'aziyya da ƙullin irin alayyahu. Na durƙusa na karɓa, na ajiye.

Daga wajen jana'iza zan wuce Rurum da gwangwanin. Wannan karon dutse biyu zan sa, in ga tukunyar da za ta zauna.